Tukunyar Gahawar Yaya

Yayana ya dawo daga yaƙin Habasha da hannun hagu a shanye. Hannun yana nan da yatsunsa cif, amma ko ludayi ba ya ɗauka. In zai fita sai ya cusa shi cikin aljihun riga, don kada ya riƙa reto mutane suna kallo. Mu biyu ne maza a wurin Inna, shi ne ɗan fari, saboda haka ba ta taɓa kama sunansa ba. Ranar da ya iso Kusada ta tsaya a bakin ɗakinta ta dube shi, ta dubi hannun, ta ce, "An dawo?"

Ya ce, "An dawo, Inna."

Ta juya ta shige ɗaki. Sai can muka ji tana fyace hanci.

Mutane suka yi ta zuwa barka da sauka, kowa yana son jin labarin igwa da jirgin sama da teku. Yaya bai ba su ko ɗaya ba. In an matsa masa sai ya ce, "Yaƙi dai ba kyau," ya yi shiru har mai tambaya ya gaji ya nemi takalmansa. Abu guda ne yake sakin baki a kansa, shi ne gahawa.

Mu a lokacin sunanta kawai muka sani, a bakin alhazai. Shi kuwa a birnin Harar ya sha ta. Ya ce da aka kori Turawan Italiya, sai suka tarar da wani shago da suka bari, a ciki akwai inji na farin ƙarfe wanda tsayinsa ya kai ƙirjin mutum, yana huci kamar kan jirgin ƙasa. Wani Bahabashe musulmi ne ya ci gaba da juya shi. Tururi ke tura ruwan zafi da ƙarfi ta cikin garin gahawar, sai ta ɗiɗɗigo cikin ɗan finjalin da bai wuce ƙwan zabuwa ba, baƙa wuluk, mai kauri, da kumfa jaja a kanta.

Yakan ce, "Kurɓa biyu ce. Amma in ka sha, kanka sai shi washe kamar an share tsakar gida."

Kan nasa kuwa yana bukatar sharar. Tun da ya dawo ciwon kai ya aure shi. Yakan wuni a zaure ya juya wa ƙofa baya, ya ɗaure goshi da tsumma. Goro ya daina yi masa amfani. An yi rubutu, an yi turare, an yi ƙaho, abin yana nan. Gona yana zuwa, da 'yar gajeriyar fartanya da maƙeri ya yi masa don hannu ɗaya, amma abin da wani zai nome da hantsi shi sai ya kai la'asar. Matarsa, 'yar Kaikai ce, mace mai haƙuri da kaifin baki a lokaci guda, ita ta jira shi duk shekarun da ba ya nan. Bayan dawowarsa ta haifa masa ɗiya mace. Ko ranar suna bai fito ya zauna da mutane ba.

Inna ta taɓa jin cewa 'ya'yan rai-ɗore in an soya su suna kama da gahawa. Ta tafi bayan gari ta tsinko, ta soya a kasko, ta daka, ta dafa, ta ba matarsa ta kai masa. Ya kurɓa, ya ce a gaya wa Inna an gode. Da ya ga ba kowa sai ya zuba wa gindin dalbejiya.

Ni a lokacin ina Kankiya da iyalina, ina ɗinki a bakin hanyar mota da ta taso daga Kano zuwa Katsina. Kowace kaka akwai wani Kwara, irin Larabawan Sham ɗin nan, da ke zuwa ya buɗe kanti ya kafa sikeli yana sayen gyaɗa. Ni nake yi masa facin tamfol da buhuna. Dattijo ne mai tumbi, Hausarsa ta Kano ce tsantsa, ba ya rabuwa da wata 'yar buta mai dogon mariƙi a kan garwashi. Wata rana na tambayi sunan abin da yake dafawa, ya ce gahawa. Ranar Juma'a da na je gida na gaya wa Yaya.

Ban zaci zai tashi ba. Mutumin da ko kasuwar Kusada ba ya leƙawa, sai ga shi ran kasuwar Kankiya a bakin rumfata, ƙafafu fututu, ya taho a ƙasa. Ko ruwa bai tsaya sha ba, ya ce, "Tela, kai ni."

Kwaran ya karɓe shi da fara'a. Da ya ji tsohon soja ne sai ya fara kiransa Kofur, ya zuba masa a finjali da hannunsa. Yaya ya daɗe yana shaƙar tururin kafin ya kai baki. Ya sha, ya ajiye, ya yi godiya.

Kwara ya ce, "Yaya ka ji ta, Kofur?"

"Da daɗi, ranka shi daɗe. Amma ba ita ba ce."

"Kamar yaya ba ita ba? Wannan ita kakannina suke sha."

"Wagga dahuwa aka yi mata. Ga tsaki nan a ƙasa. Waccan tururi ka matso ta."

Kwaran ya yi dariya har tumbinsa yana rawa. Ya ce, "Allah Sarki, ta mutanen Italiya kake nufi! To, ka ɗauko da zafi. Amma akwai ƙananan na gida, na taɓa ganinsu a Kano. In motata ta je za ta zo da su, ka duba."

Aka ɗauki lokaci har na ɗauka ya manta. Sai ga shi ya aiko yaron motarsa ya ce in kira yayana. A ranar ma Yaya ya kawo gyaɗarsa sikeli a kan jakin aro, ita ce duk abin da gonar ta ba shi na sayarwa a shekarar. A cikinta za a fitar da haraji, a cikinta za a ƙaro hatsi, don dawarsa ba ta yi kyau ba.

A bayan kantin, tsakanin tarin buhuna, Kwaran ya shimfiɗa tamfol ya jera kaya uku.

Na farko sabo ne fil a cikin akwatinsa, yana ƙyalli har mutum na ganin fuskarsa. Yana da ciki zagayayye da wuya lanƙwasasshe kamar na belbela, da baƙin mariƙi, da wani abu kamar agogo mai nuna ƙarfin tururi. Kwaran ya ce wannan shi ne ƙanen wanda Yaya ya gani a Habasha, har kumfar yana fitarwa. Sai dai ba ya son garwashi, sai risho da kananzir, kuma kuɗinsa zai sayi bijimai biyu. Yaya ya durƙusa a gabansa. Ya goge hannunsa a riga kafin ya taɓa. Ya bi wuyan da yatsa, ya gwada ɗaura mariƙin, abin ya zame, don sai an riƙe jikin da ɗaya hannun. Ya sake gwadawa, ya sake zamewa. Ya janye hannunsa ya ce, "Wanga na masu hannu biyu ne."

Kwaran ya mayar da shi akwati.

Na biyu 'yar tukunya ce ta sanholo, mai kusurwa-kusurwa, da siririn ƙugu kamar kalangu. Gida uku gare ta. Ana zuba ruwa a na ƙasa, a sa garin gahawa a wani ɗan mazurari a tsakiya, a murɗa na sama a kai, a ɗora a wuta. In ruwan ya tafasa sai tururi ya turo shi ta cikin garin ya taru a sama. Ita ma sabuwa ce. Garwashi ya ishe ta. Amma kuɗinta zai lashe fiye da rabin gyaɗar.

Ta uku irin ta biyun ce sak, sai dai ta sha duniya. Gindinta ya yi baƙi, mariƙin ya ƙone a gefe, murfin ya loɓa. Kwaran ya ce a hannun kukun wani Baturen Italiya mai aikin gadoji ya saye ta, bayan maigidan ya koma ƙasarsu. Ya nuna mana aibinta da kansa, ban kuma taɓa ganin laifinsa a nan ba. Robar da ke ƙugunta ta cinye. Akwai kuma wata 'yar ƙusa ta tagulla a jikin gidan ƙasa, ya ce kukun ya gaya masa tana yoyon tururi. Shi bai taɓa amfani da irinsu ba, bai san ko tana gyaruwa ba. Kuɗinta bai wuce na tunkiya ba.

Ya ƙara da cewa, "In kuma za ka ji shawarata, Kofur, ka bar su duka. Ga irin butata, maƙeran Kano ke yi, kusan kyauta. Gahawa dai gahawa ce."

Ni ma na bi bayansa. Na ce, "Yaya, ka ɗauki butar. Ga haraji, ga yarinya ƙarama, ga rumbu bai cika ba."

Bai ko dube ni ba. Ya zauna a kan buhu, ya matse sabuwar tsakanin gwiwoyinsa ya murɗa da hannun dama. Ta yi tauri, sai da jijiyar wuyansa ta tashi kafin ta buɗe. Ya ajiye, ya ɗauki tsohuwar ya yi mata haka. Ta juya salin-alin, don zarenta ya goge da amfani. Ya buɗe ya rufe, ya buɗe ya rufe. Ya shinshina cikinta, ƙamshin yana nan maƙale. Sannan ya sake ɗaukar sabuwar ya riƙe ta a tafin hannu ya daɗe. Na san lissafin da yake yi, don ni ma shi nake yi. In ya ɗauke ta, kafin damina ta faɗi gidan zai koma cin tafasa.

Ya ce, "Ranka shi daɗe, tsohuwar tana hiddo gahawa?"

"Kukun ya rantse tana fitarwa, in an samu roba."

"To ni ma ga ni nan, ba duka ke aiki ba. A ba ni ita."

Kwaran ya ɗora masa ɗanyar gahawa cikin 'yar jaka, ya rage masa wani abu a kai. Yaya ya naɗe tukunyar a cikin rawaninsa, ya hau jaki da kai ba komai sai hula.

Matarsa ba ta ɓoye ranta ba. Ita ta gaya mini yadda suka yi. Ta ce masa, "Malam, tunkiya guda a kan buta? Butar ma da ba ta alwala?" Ya ce mata ta yi haƙuri. Inna kuwa ta juya tukunyar a hannu, ta leƙa cikinta, ta mayar masa.

Ba a samu kan tukunyar da wuri ba. Matar ta soya 'ya'yan a kasko, na farko suka ƙone. Ta daka a turmin yaji, gahawa ta fito tana sa atishawa, sai da aka nemo wani ɗan turmi dabam. Ruwa ya yi ta tsiyaya ta ƙugu yana kashe garwashi. Na samo tsohuwar robar cikin tayar mota a wurin direban Kwaran, na yanka zobe da almakashina daidai bakin, aka yi ta tafasa shi har warin ya fita. Ƙugu ya daina yoyo. Saura 'yar ƙusar nan ta tagulla, wadda da zarar wuta ta yi ƙarfi sai ta kama tsiwa tana fesa tururi gefe. Yaya ya ce ƙarfin da ya kamata ya hau sama shi ne yake gudu ta nan. Ya kai wa maƙerin unguwa, wanda ya yi masa fartanya. Maƙerin ya ɗora ta a uwar maƙera ya dake ta da guduma har ta rufe ruf. Duk wanda ya gani ya ce gyara ya yi kyau.

Ina nan ranar da ta yi. Juma'a ce, bayan la'asar, a tsakar gida. Yaya ya tsuguna a gaban kaskon wuta yana fifita da murfin kwano. Tukunyar ta yi shiru, ta yi shiru, sai ta fara gurnani daga ciki, sannan ta kama kwarkwar kamar mai kurkure baki. Ƙamshi ya cika gidan har akuya ta ɗaga kai. Ya sauke, ya zuba a ɗan finjalin da Kwaran ya ba shi. Baƙa ce, mai kauri, ba tsaki. Kumfar ba ta taka kara ta karya ba.

Ya kurɓa ya rufe ido. Muna ta kallonsa, ni da matarsa da goyonta, da Inna daga bakin ƙofa.

Na ce, "Ita ce, Yaya?"

Ya ce, "Ba ita ba ce. Amma ɗiyarta ce."

Ya shanye. Sannan ba wanda ya tambaye shi, sai ya fara magana. Ya ce akwai wani mutumin garin Ƙofa da aka ɗauke su soja rana ɗaya, tare suke kwana tare suke tashi. Tare suka riƙa zuwa shagon nan na Harar, mutumin yana cewa in sun koma gida sai sun sato injin sun kafa a kasuwar Kusada. Ranar da aka ce su tashi gaba, da safe suka sha tare. Kafin azahar motarsu ta taka nakiya. Yaya ya farka hannunsa a mace. Abokin nasa kuwa a bargo aka tattara shi.

Ya ce, "Ni na riƙe bakin bargon, da hannun da ya rage."

Inna ta ce, "Allah shi jiƙanshi." Muka shafa. Wannan ne karo na farko da na ƙarshe da na ji labarin yaƙi a bakinsa.

Daga nan aka samu 'yan watanni masu sauƙi, ina kuma so a san an same su. Kowace safiya finjali ɗaya. Ciwon kan bai tafi ba, amma ya ja baya. Ya cire tsumman goshi. Ya koma fuskantar ƙofa in ya zauna a zaure. Ya fara ɗaukar ɗiyarsa ya ɗora a cinya tana ja masa gemu. Maƙwabta suka riƙa zuwa kallon abin da suka sa wa suna jirgi, saboda kukan da take yi. Liman ma ya zo da kansa don ya tabbatar ba wani abin maye ba ne. Aka zuba masa, ya kurɓa, fuskarsa ta tattare wuri guda. Ya ce, "Halal ce. Amma wanda ya sha ta da gangan ya rage wa kansa hisabi." Ranar na ji dariyar Yaya, irin wadda na sani tun muna yara. Matarsa ta daina zancen tunkiya. Har goge tukunyar take yi da toka.

Da cinikin gyaɗa ya ƙare sai Kwaran ya kulle kantinsa ya koma Kano, kamar yadda ya saba. Ba mai sayar da gahawa a duk ƙasar nan in ba shi ba. 'Yar jakar ta fara sauka. Yaya ya koma shan rabin finjali, sannan ya koma shanya tsakin jiya yana maimaitawa. Da bazara ta tsananta, rumbu ya yi ƙasa, ba a ma zancen aika wa Kano. Sai ya tuna da rai-ɗoren Inna. Ya fara gaurayawa, kaɗan-kaɗan, har ya zama rai-ɗoren ne zalla. Ba shi da ƙarfin gahawa, don haka ya sa matarsa ta riƙa daka shi lukui kamar garin tuwo, shi kuma ya riƙa danna shi cikin mazurarin da babban yatsa har ya yi tauri, wai don ruwan ya fito da kauri. Tsumma ya dawo goshi.

Ba na nan ranar da abin ya faru, matarsa ce ta ba ni labari. An yi ruwan shuka, gari ya waye kowa yana haramar gona. Yaya ya ajiye sungumi da ƙwaryar iri a bakin ƙofa, ya ce bari ya sha tukuna. Ya ɗora tukunyar. Ta daɗe ba ta yi kukanta ba. Ya ƙara garwashi. Shiru. Ya ɗage murfin ya leƙa, ba ko ɗigo. Sai ya sunkuya ya kai bakinsa yana hura wutar.

Ta ce ƙarar kamar an harba bindiga a cikin ɗaki. Har bayan gari an ji. Ita tana bakin randa da yarinyar a bayanta, wani guntun ƙarfe ya wuce ta gefen kunnenta ya kafe a jikin danga. Da ta juyo ta ga Yaya a zaune daɓas a ƙasa, hannunsa a kan fuska, jini da baƙin ruwa suna bi ta tsakanin yatsunsa. Bai yi ihu ba. Cewa ya yi, "Ina yarinyar?" Ta ce tana nan lafiya. Ya ce, "To."

Aka aiko mini, na taho da gudu da tafiya. Na tarar an shafa masa ɗanyen ƙwai da zuma, fuskar ta kumbura ba a gane ido da hanci. Muka ɗora shi a jaki, ni da maƙerin, wanda tun da ya ji labari bai iya haɗa ido da kowa ba. Hanya ta jiƙe, jakin yana nutsewa, mutane a gonaki suna tsayar da shuka suna kallonmu. A ɗakin shan magani na Kankiya malamin ya wanke ciwon ya naɗe, ya ce wannan ya fi ƙarfinsa, sai Katsina. Da damina motoci ba su cika bi ba, sai da muka yi jira har ciwon ya fara wari kafin a samu wadda za ta ɗauke mu. A bayan motar, kansa a kan cinyata, magana ɗaya ya yi.

Ya ce, "Tela, an yi shukar?"

Na ce maƙwabta sun yi masa. Gaskiya ne, sun yi, amma a makare, bayan sun gama nasu.

A asibitin Katsina aka cire idon dama, da tsinin sanholo a cikinsa. Na hagu ya tsira, amma ya yi fari. Yana bambance rana da inuwa, shi ke nan. Muka dawo da shi Kusada gero ya fara kai gwiwa. Inna ta fito ta kama hannunsa mai lafiya ta ja shi har ɗakinta, abin da ba ta taɓa yi ba tun da ya yi wayo. Ta zaunar da shi ta ba shi fura a baki.

Da kaka Kwaran ya dawo. Yana ganina ya ce, "Tela, ina Kofur? Na zo masa da sabuwar gahawa." Na gaya masa. Ya nemi buhu ya zauna. Ya sa na maimaita masa komai, har zancen maƙeri. Bayan ya je Kano ya dawo sai ya kira ni bayan kanti, ya ce ya tambayi wani makaniki. 'Yar ƙusar nan ba lalacewa ta yi ba. Aikinta ke nan. In tururi ya yi yawa ya rasa hanya, ta nan yake fita don kada tukunyar ta fashe.

Ya ce, "Wallahi ban sani ba. Da na sani da na faɗa."

Na ce na yarda. Ya ba ni jakar gahawa da irin butarsa, ya ce in kai masa, ba ko anini.

Na kai. Matar Yaya ta tare ni a soro, ta ga abin da ke hannuna, ta ce, "Ba a gidan ga ba." Yaya yana jin mu daga ciki. Ya kira ni, na shiga na zauna, na faɗa masa abin da makanikin ya ce. Ya daɗe yana murza gwiwarsa.

Ya ce, "Ashe numfashinta muka toshe." Can kuma ya ce, "Kada ka gaya wa maƙeri. Ni na sa shi. Kayan kuma ka mayar, ka ce an gode."

Bai sake ambaton gahawa ba. Da yake ita kaɗai ce abin da yake hira a kai, sai ya zama ba ya hira ke nan. Yakan wuni a zaure yana ɓarar gyaɗar mutane da hannu ɗaya, a ba shi ɗan abin da aka ba shi. Matarsa ta kama ƙuli-ƙuli, ita ta riƙe gidan, ni kuma ina kai abin da ya sawwaƙa. Rabin gonar aka jinginar, ba a kuma fanshe ta ba. Yarinyar da ta iya tafiya ita ta zama 'yar jagora, tana riƙe bakin sandarsa zuwa masallaci. Inna ta riga shi rasuwa. Shi kuma a wata bazara da sanƙarau ya shigo ƙasar, yana cikin waɗanda ya fara ɗauka. Ranar an rasa mutane da yawa a Kusada, har sai da muka jira masu haƙa suka gama da wani kafin su zo kan nasa.

Bayan ta fita takaba matarsa ta koma Kaikai wurin danginta, daga baya ta yi wani aure. Yarinyar aka ba ni, na haɗa ta da nawa a Kankiya. Ta taso mai shiru-shiru, tana son zama kusa da kekena tana tsince ƙyallaye. Wata rana, ta fara zama budurwa, ina ɗinka mata zanen salla, sai ta ce, "Baba, idon babana kafin shi lalace, wane iri ne?"

Na tsayar da keken. Ba mu da hotonsa, ko na soja. Na yi ta ƙoƙarin in tuno, amma abin da yake zuwa mini shi ne farin nan da ramin nan. Na ce mata irin nata ne. Ta gyaɗa kai ta ci gaba da tsintar ƙyallayenta, ni kuma na mayar da ƙafa kan keke.